Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Sakandare Aikin Juri da Tsarin Kotu a Amurka

A Amurka, da zarar ɗan ƙasa ya cika shekara 18, kotu tana iya aiko masa da sammaci ya zo ya zauna cikin juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shari'a su faɗi ko an tabbatar da laifi ko ba a tabbatar ba. Ke nan yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare watanni kaɗan suka rage wannan takarda ta iya faɗowa akwatin wasiƙar gidansu. Wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato bai saba da haka ba, domin a can alƙali ne ke sauraron hujja, shi ne kuma ke yanke hukunci. 'Yan uwanmu na Ghana sun ɗan san abin, tunda mutum bakwai ke zama juri a shari'ar kisan kai a babbar kotu. To amma 'ya'yanmu da aka haifa a Bronx ko Columbus ko Houston, wannan aiki na jiran su, kuma sau da yawa babu wanda zai yi musu bayaninsa a gida.

Malam, ko a makarantar gwamnati kake koyarwa ko a ajin ƙarshen mako na masallaci, ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Yawancin malamai idan suka shirya shari'ar kwaikwayo, yara masu kaifin baki suke ba wa aikin lauya, sauran kuma a jibge su a kujerun juri su zama 'yan kallo. Wannan baya-baya ne. A cikin yara talatin, da wuya ka sami lauya biyu nan gaba, amma kusan kowannensu zai iya karɓar sammaci. Saboda haka kujerar juri ita ce tsakiyar darasin. Ka ware kamar mako biyu.

Mataki na farko: fara da takardar da za ta zo gida

Kada ka buɗe darasin da zanen dala na kotuna a kan allo, nan take za su fara hamma. Shiga shafin kotun gundumarku ko na kotunan tarayya ka bugo samfurin sammaci da takardar tambayoyin da ake aikowa kafin shi, ka raba wa kowa, ka ce su cike. Tambayoyin da za su jefo maka su ne darasin.

A kotun tarayya, sharuɗɗan suna cikin dokar zaɓen juri ta 1968: mutum ya zama ɗan ƙasa, ya cika shekara 18, ya zauna shekara guda a yankin kotun, ya iya Turanci gwargwadon karantawa da rubutawa da fahimta, kada a taɓa kama shi da babban laifi sai dai idan an maido masa da haƙƙoƙinsa. Ana ɗebo sunaye daga rajistar masu zaɓe, wurare da dama kuma ana haɗawa da jerin masu lasisin tuƙi. Kotun tarayya tana biyan dala 50 a rana. Jihohi kuwa kowacce da nata, California dala 15 take biya, shi ma sai daga rana ta biyu. Doka ta hana mai gida korar ma'aikaci don ya je juri. Wanda ya yi biris da sammacin tarayya ana iya cin sa tarar da ta kai dala 1,000, ko a tsare shi har kwana uku.

Akwai abu biyu da ya kamata ka tsaya a kansu idan ajinka na 'ya'yan baƙi ne. Na ɗaya, saboda lasisin tuƙi, takardar tana zuwa wa mutanen da ba 'yan ƙasa ba, har da mai girinkad, wato takardar izinin zama na dindindin. Uban yaro ya ga tambarin kotu, gabansa ya faɗi, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Abin da ya kamata ya yi mai sauƙi ne: ya cike, ya nuna shi ba ɗan ƙasa ba ne, ya mayar. Kada ko da kuskure ya sa alama a wurin da ya ce ɗan ƙasa ne, domin wannan ikirari yana iya rusa masa maganar takardunsa gaba ɗaya. Ɗalibinka ne zai karanta wa mahaifinsa wannan takarda, don haka sai ya san wannan sarai. Na biyu, 'yan damfara suna buga waya su ce ka ƙi zuwa juri, za a kama ka idan ba ka biya yanzu da katin kyauta ba. Kotu ba ta karɓar tara ta waya.

Mataki na biyu: taswirar kotuna, a taƙaice

Darasi ɗaya ya isa. Tsari biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, na jiha da na tarayya. Sata, faɗa, saki, rikicin haya, laifin tuƙi, mafi yawan abin da ke kai mutum kotu, duk na jiha ne. Na tarayya yana da kotunan gunduma 94 inda ake fara shari'a, kotunan ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai tara. Abin da za ka nanata shi ne juri a matakin farko kaɗai yake zama. A kotun ɗaukaka ƙara ba a kiran shaidu, alƙalai uku ne galibi ke duba ko an bi doka. Kotun Ƙoli kuwa dubban ƙararraki ake kai mata a shekara, ba ta ɗaukar ko ɗari. Idan a New York kake, ka gargaɗe su: kotun da ake ce wa ta ƙoli a jihar ita ce ta matakin farko, babbar kuwa tana Albany da sunan kotun ɗaukaka ƙara. Manya ma suna rikicewa a nan.

Ka bambanta musu juri biyu. Babban juri, mutum 16 zuwa 23 a tarayya, yana zama a asirce ya duba ko akwai hujjar da ta isa a tuhumi mutum, kuma 12 ne za su amince. Ƙaramin juri shi ne na shari'a, mutum 12 a laifukan tarayya, wasu jihohi kuma shida a wasu shari'o'in. Gyara na shida ga kundin tsarin mulki, na 1791, shi ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin juri, na bakwai ya ba da shi a ƙarar farar hula a kotun tarayya. Ka kuma faɗa musu gaskiyar da fina-finai ke ɓoyewa: kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake tuhuma a tarayya amsa laifi suke yi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara, kamar kashi 2 kacal ke kaiwa ga cikakkiyar shari'a. Wani abin da zai sa su miƙe zaune shi ne hukuncin McKeiver na 1971, inda Kotun Ƙoli ta ce kundin tsarin mulki bai wajabta juri a kotun yara ba. Bar su su yi musu a kai minti goma.

Mataki na uku: labarai, ba jerin shekaru ba

Zaɓi uku ko huɗu, ka ba kowane rukuni ɗaya ya kawo wa aji.

A 1670 a Landan aka gurfanar da William Penn, wanda daga baya ya kafa Pennsylvania, saboda ya yi wa'azi a kan titi. Juri suka ƙi kama shi da laifin da alƙali ke so. Aka kulle su ba ci ba sha, suka ƙi sauyawa, aka ci su tara. Ɗayansu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya ɗaukaka maganar, kotu ta ce ba a hukunta juri saboda hukuncin da suka yanke. A 1735 a New York kuma, juri suka wanke maɗabi'i John Peter Zenger da aka kama don jaridarsa ta caccaki gwamna.

Idan ka tsaya a nan, ka koya musu rabin gaskiya. A 1955 a Mississippi, juri na fararen fata maza zalla suka wanke mutum biyu da suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, bayan shawarar minti 67. Watanni kaɗan bayan haka mutanen suka amsa wa wata mujalla cewa su suka yi, kuma ba a iya sake gurfanar da su a kan laifin ba, tunda doka ta hana a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya. 'Ya'yan Afirka ta Yamma a Bronx kuma sun ji sunan Amadou Diallo, ɗan Gini da 'yan sanda huɗu suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999. An ɗauke shari'ar daga Bronx zuwa Albany, juri suka wanke su a shekarar 2000. Tambayar da za ka aza a gaban aji ita ce: wa ke zama a kujerun nan, daga ina aka ɗebo su, wa aka hana? Sai 1975 Kotun Ƙoli ta haramta tsarin da ke ware mata daga jerin juri, a shari'ar Taylor da jihar Louisiana. Kakannin wasu ɗalibanka sun girmi wannan hukunci.

Mataki na huɗu: ma'aunin hujja

Nan ne yara suka fi faɗuwa, manya ma haka. Ja dogon layi a ƙasan aji da alli ko tef. Wannan ƙarshe "ban yarda ba sam", wancan "na tabbata". Karanta musu ɗan labari, a ce waya ta ɓace a ɗakin motsa jiki, sannan ka riƙa ƙara hujja ɗaya-ɗaya: an ga wane kusa da jakar, an same shi da kuɗi washegari, ashe yana aiki a shago ranar Asabar, kyamara ta nuna wani mai irin rigarsa amma fuska ba ta fito ba. Bayan kowace hujja, kowa ya matsa inda zuciyarsa ta kai shi. Daga nan ka nuna musu cewa a ƙarar kuɗi, rinjayen hujja ya wadatar, wato ɗan wuce tsakiya. A laifi kuwa sai an kai inda babu sauran kokwanto mai tushe. Kada ka sa wa wannan lamba, kotuna ma ba sa sawa. Misalin da ke zaunar da maganar shi ne O. J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka: juri sun wanke shi daga zargin kashe mutum biyu a 1995, wani juri kuma a 1997 ya ɗora masa diyyar dala miliyan 33.5 a kan mutuwar mutanen nan biyu. Ma'aunin ne ya bambanta.

Ka sa su maimaita har ya zauna: nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, wanda ake tuhuma ba dole ne ya ce uffan ba, kuma shirunsa ba hujja ba ne. Yaran da suka yi islamiyya za su gane wannan da wuri, domin sun san ƙa'idar fiƙihu cewa hujja tana kan mai da'awa.

Mataki na biyar: tantance juri

Rubuta katuna kamar ashirin, kowanne da bayanin mutum: direban tasi da aka taɓa yi wa fashi, ma'aikaciyar jinya da ƙanenta ɗan sanda ne, tsohon soja, mai shago, uwa da ɗanta ke kurkuku. Kowane ɗalibi ya ɗauki kati ya zama wannan mutum. Lauyoyin ɓangarorin biyu su yi musu tambayoyi. Cirewa iri biyu ce. Akwai wadda lauya ke kawo dalili alƙali ya amince, ba ta da iyaka. Akwai wadda ba a faɗin dalili, ita kuwa ƙidayayya ce: a babban laifi na tarayya gwamnati tana da shida, wanda ake tuhuma goma. A aji ba kowane ɓangare uku.

Ka zuba ido, kada ka ce komai. Kusan tabbas wani zai cire mutum saboda launinsa ko jinsinsa ko sunansa. Sai an gama ka tambaye shi dalili, sannan ka kawo hukuncin Batson na 1986 da ya haramta cirewa saboda launin fata, da na 1994 da ya haramta saboda jinsi. Ka biyo da labarin Curtis Flowers na Mississippi, wanda aka yi wa shari'a sau shida a kan tuhuma ɗaya, mai gabatar da ƙara ya cire baƙaƙe 41 cikin 42, har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2019. Jihar Arizona ta soke cirewar da ba a faɗin dalili baki ɗaya daga 2022. Ko ta yi daidai? Ni ina ganin ta yi, amma ka bar su su kai ga nasu ra'ayin.

Mataki na shida: shari'ar kanta

Ƙirƙiro ƙarar da hujjarta ta tsaya a kan iyaka. Idan laifin a fili yake, babu abin tattaunawa. Shaidu biyu ko uku kowane ɓangare sun isa, da takarda ko hoto ɗaya. Sa wani shaida ya kasance mai gaskiya amma idonsa bai gani sosai ba, wani kuma yana da abin da zai samu idan an kama wanda ake tuhuma. Guji abin da zai taɓa ciwon wani a ajin, kamar fyaɗe ko korar baƙi. Idan ba ka da lokacin rubutawa, ƙungiyoyin Street Law da iCivics, wadda tsohuwar alƙaliyar Kotun Ƙoli Sandra Day O'Connor ta kafa, suna da shirye-shiryen da za ka ɗauka.

Jerin ba ya sauyawa: jawabin buɗewa, shaidun mai ƙara da tambayoyin ƙure, shaidun kariya, jawabin rufewa, sai umarnin alƙali. Kai ka zauna a kujerar alƙali, ko ka gayyato lauya daga ƙungiyar lauyoyin garinku. Umarnin da za ka karanta wa juri ka ɗauko shi daga samfurin da kotunan jiharku suka wallafa, ka sauƙaƙa harshensa. Wajen rantsuwa ka nuna musu cewa doka ta ba mutum zaɓi, ko ya rantse ko ya yi alkawarin faɗin gaskiya, ba a tilasta wa kowa dafa littafin wani addini. Kada shari'ar ta wuce darasi biyu.

Mataki na bakwai: ɗakin shawara

Duk abin da ya gabata shimfiɗa ce, nan ne aikin. Kada ka yi juri ɗaya. Raba duk wanda ba lauya ko shaida ba zuwa juri biyu ko uku, su saurari shari'a ɗaya, su shiga ɗakuna dabam-dabam. Lauyoyi da shaidu su zauna a bayan ɗakin da takarda, ba su da bakin magana, aikinsu su rubuta wace hujja ce ta yi tasiri, wace aka manta, wa ya fi magana, wa bai ce komai ba. A kotun gaske babu mai shiga wannan ɗaki, ko alƙali, ka faɗa musu cewa don koyo kaɗai aka buɗe shi.

Kowane juri ya zaɓi shugaba. Ƙuri'ar farko a yi ta a ɓoye, a kan 'yar takarda, kafin kowa ya buɗe baki, kuma kowa ya rubuta dalili ɗaya. Dalilin wannan shi ne idan aka ɗaga hannu, yara suna duban abokinsu ko wanda ya fi farin jini su bi shi. Bayan an ƙirga, shugaba ya zagaya da magana, kowa ya faɗi nasa kafin a fara gardama. Dokoki uku: ba waya, ba binciken intanet, ba kawo abin da ba a faɗa a kotu ba. Wanda ya ce "ai na san irin waɗannan yaran", a tambaye shi wane shaida ne ya faɗi haka. Idan suna da tambaya, su rubuto wa alƙali, kamar yadda ake yi.

A shari'ar laifi, hukunci sai kowa ya amince. Louisiana da Oregon sun daɗe suna karɓar goma cikin sha biyu, har Kotun Ƙoli ta hana a shari'ar Ramos a 2020. Wannan sharaɗi ne ke fito da abin da kake nema. Za a sami yarinya ɗaya ko yaro ɗaya da ya tsaya shi kaɗai, ga ƙararrawar tashi ta kusa, ga sauran suna harararsa. 'Ya'yanmu an tarbiyyantar da su da kunya da kawaici, ba sa son musu da na gaba, kuma wannan hali mai kyau ne a gida. A ɗakin juri kuwa, wanda ya bi jama'a alhali zuciyarsa ba ta gamsu ba ya saɓa rantsuwarsa. Kada ka shiga ka cece shi, kada kuma ka matsa a gama. Idan sun kasa daidaitawa, ka rubuta cewa juri ya cije, ka bayyana musu cewa a kotu alƙali zai rushe zaman, mai gabatar da ƙara kuma yana iya sake kawo ta gaban sabon juri.

Washegari ka haɗa su. Idan juri ɗaya ya ce da laifi, ɗaya ya ce babu, ka samu darasin da ya fi kowanne. Shaidu ɗaya, kalmomi ɗaya, me ya raba su? Bar 'yan bayan ɗaki su karanta abin da suka rubuta. Ka tuna musu kuma cewa "ba a same shi da laifi ba" ba ya nufin bai aikata ba, yana nufin ba a tabbatar ba, sannan a yawancin jihohi alƙali ne ke yanke tsawon ɗauri.

Mataki na takwas: kai su kotu

Gani ya kori ji. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, sai kaɗan kamar na yara. Kira ofishin magatakarda makonni kafin ranar, ka nemi a sa ku lokacin da ake tantance juri ko ake gurfanar da sababbin waɗanda aka kama, ka roƙi alƙali ya ba su minti goma sha biyar na tambayoyi. Da yawa suna so. Karɓi izinin iyaye a rubuce, kuma ka tuntuɓi kowane ɗalibi a keɓe tukuna, domin wani yana da ɗan uwa a tsare, wani iyayensa na fargabar duk ginin gwamnati saboda takardu. Wanda bai so ba, ba shi wani aikin ba tare da tambaya ba. A ƙofa akwai na'urar bincike, don haka a bar almakashi da 'yar wuƙar yanke farce a gida. Ba a ɗaukar hoto, wasu kotunan ma karɓe waya suke yi. Mai hijabi ta shiga da abinta, idan an buƙaci dubawa ta nemi jami'a mace.

Mataki na tara: ba da maki

Kada ka ba da maki a kan wanda ya ci shari'a. Kowane ɗalibi ya rubuta shafi biyu: ƙuri'arsa ta farko, ta ƙarshe, hujjar da ta sauya shi ko ta tsayar da shi, da hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren da bai bi ba. Wannan ta ƙarshe ka ba ta maki mafi yawa. Aikin gida kuma shi ne kowa ya ɗauki samfurin sammacin nan ya bayyana wa babba ɗaya a gidansu, da Hausa ko Zabarmanci ko duk harshen da ake yi a gidan, ya rubuto tambayoyin da aka yi masa da waɗanda ya kasa amsawa. Waɗanda ya kasa amsawar ka tattara su, ka aika wa ofishin juri na gundumarku, ka karanta wa aji amsar idan ta dawo.